Yadda za a haɗa kwamfutocin ofis kowa ya riƙa buɗe takardar Word daga wuri ɗaya

Salamu alaikum jama'a. Tun da na haɗa wa wata makaranta kwamfutocin ofishinsu a Aboabo cikin Kumasi ban huta ba, a shago a tambaye ni, a bakin masallaci bayan Isha'i a tambaye ni, har a trotro muna hanyar Kejetia wani dattijo ya riƙe min hannu yace ɗana, yaya aka yi malamai uku suke buɗe takardar jarabawa guda kuma babu mai yawo da filash? To gashi na zauna na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in tura masa wannan.

Amma kafin ka kashe ko sidi ɗaya ka fahimci wannan, don anan ne mutane ke shan mamaki daga baya. Folda da aka raba a netwok na ofis tana baku damar ajiye takarda wuri ɗaya kowa ya buɗe, amma BA ta bari mutum biyu su yi rubutu a takarda ɗaya a lokaci guda. Bi da bi ne, kamar buta ɗaya a bakin masallaci, wanda ya riga ɗauka sai ya gama. In abin da kake so shine ku uku kuna bugawa tare kowa yana ganin rubutun ɗan'uwansa, tsallaka zuwa mataki na 9, wancan sai da intanet. In kuwa damuwarka ita ce kwafi biyar na takarda ɗaya a kwamfuta biyar babu wanda ya san wacce ce ta ƙarshe, to bi ni daga farko.

1. Kayan aiki da inda kuɗin ke tafiya

Rauta ɗaya. Wadda kake da ita ta MTN ko Telecel ma ta isa in tana da ramukan kebul a baya, kuma ba sai da data a ciki ba, wannan aikin cikin gida ne baya cin bandul. Aikin rautar kawai ta raba wa kowace kwamfuta lambarta. In ramukan basu kai yawan kwamfutocinka ba sai ka ƙara suwic, wato akwatin da ke ƙara ramukan kebul, mai rami 5 ko 8, irin na TP-Link ko D-Link da ke cike da shagunan Adum. Kebul kuma Cat5e ko Cat6, ana sayarwa da mita, kwali guda mita 305 ne amma ofis mai ɗaki biyu baya buƙatar kwali, auna da igiya ka ƙara mita biyu a kowane layi ka ce mai shago ya matse maka kawunan a gabanka ya gwada. Layi ɗaya kada ya wuce mita 100, iyakarsa kenan.

Sai UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta a kunne in wuta ta ɗauke. Shine mafi tsada a cikin kayan kuma shine wanda kowa ke so ya tsallake, ni kuwa ko zaka rage komai kada ka rage shi, mu da muka san dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, bama buƙatar dogon bayani. Farashin kayan nan yana bin dala, don haka ka zaga shago uku a PZ cikin Adum kafin ka ciro kuɗi, kuma kada wani yaro ya lallaɓe ka ka sayi babban suwic mai rami 24 wai don gaba, takardar Word bata da nauyi. Manhaja kam babu abin saya, duk abin da za mu taɓa yana cikin Windows.

Gargaɗi: Wi-Fi yana aiki ga laftof, amma kwamfutar da zata riƙe takardun a sa mata kebul. Kuma kada ka haɗa su ta Wi-Fi na baƙi, wato mai Guest a sunansa, an yi shi ne da gangan don kada na'urori su ga juna, zaka kwana kana neman laifin da babu.

2. Zaɓi uwar garke

Kwamfuta ɗaya ce zata riƙe duka takardun, ita muke kira uwar garke. Ba sai mafi ƙarfi ba, wadda bata motsi ake so. Kada ka zaɓi laftof ɗin hedimasta ko na Alhaji mai ofis don shine sabo, ranar da ya tafi dashi Tamale ofis ya tsaya kenan. Tebur-tof da ke kusurwa, wadda ake fara kunnawa da safe ake ƙarshen kashewa, ita ce.

Canja mata suna zuwa abu gajere. Shiga Settings, System, About, ka danna Rename this PC, ka sa misali OFIS1, babu tazara a ciki kuma kada ya wuce harafi 15, sai ta sake tashi. Bayan nan shiga saitin Power ka mayar da Sleep zuwa Never idan tana jone da wuta. Fuskar zata iya mutuwa babu komai, amma in ita kanta ta yi barci duk wanda ke rubutu a ɗaya ɗakin zai ga Word ta ƙi ajiye masa aiki. UPS ɗin nan a jona masa uwar garke da rauta da suwic, su ukun, don in wuta ta ɗauke uwar garke tana raye amma suwic ya mutu daidai yake da an yanke kebul. Firinta ta laser kada ta hau UPS, tana jan wuta da yawa.

Windows 10 da 11 suna karɓar kwamfuta 20 a lokaci guda a kan folda da aka raba, wanda ya ishi yawancinmu. Sai dai ka sani Microsoft ta daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, in kana da wadda ke ɗauke da 11 ita ta fi dacewa da wannan kujerar.

3. Buɗe ƙofar netwok a kowace kwamfuta

Wannan a DUKA kwamfutocin za a yi. Shiga Settings, Network & internet, ka danna Ethernet ko sunan Wi-Fi ɗinka, ka mayar da shi Private network. Windows tana yawan barinsa a Public, kuma a Public kwamfuta ɓoye kanta take yi, rabin kiran da ake min na wai basa ganin juna daga nan yake. Daga nan a Windows 11 ka shiga Advanced network settings, Advanced sharing settings, ka kunna Network discovery da File and printer sharing a ƙarƙashin Private. A Windows 10 suna cikin Control Panel, Network and Sharing Center, Change advanced sharing settings. Password protected sharing ka barshi a kunne.

In ka ga tsohon bidiyo yana cewa HomeGroup ka wuce, an cire shi daga Windows 10 tun 2018. In kuma wani ya ce ka kunna SMB 1.0, wato tsohuwar hanyar raba fayil, don tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ta shigo, ka ce masa a'a da ladabi, ta wannan ƙofar ƙwayar WannaCry ta bi a 2017 ta kulle fayilolin mutane a duniya, XP ɗin a barta tana buga rasit ita kaɗai.

4. Yi wa mutane asusu, kowa da matsayinsa

A kan uwar garke kaɗai. Settings, Accounts, Other users, Add account, ka zaɓi I don't have this person's sign-in information, sannan Add a user without a Microsoft account. Ni nakan yi biyu ko uku ne kawai: ɗaya na masu gyara, misali sakatare, ɗaya na masu karatu kawai, misali malamai, kowanne da kalmar sirrinsa. Su zama Standard, ba Administrator ba.

Na san abin da zaka ce, ai mu 'yan gida ne meye na kalmar sirri. To Windows 11 Pro na 24H2 ma ta daina yarda da shiga irin ta baƙo babu kalmar sirri, zaka kashe kariyar ka ga har yanzu ta ƙi buɗewa. Ballantana ofishin da ɗalibai ko kwastoma ke da lambar Wi-Fi ɗinsa, folda babu kalmar sirri tamkar ka ajiye takardun jarabawa ne a kan benci a tsakar makaranta. Kuma in akwai sunayen yara da lambobin iyayensu a ciki, Ghana tana da dokar kare bayanan mutane, Act 843 ta 2012, amanar tana wuyanka.

Abin lura: lambar PIN da kake buɗe kwamfuta da ita bata aiki ta netwok, kalmar sirri ta ainihi ake so. Shi yasa na ce a yi sabon asusu maimakon a yi amfani da na mai kwamfutar.

5. Raba foldar, kuma ka buɗe makullan biyu

Yi sabuwar folda kai tsaye a C: ko D: in akwai, ka sa mata suna Takardu. Kada ka yi ta a Desktop ko cikin Documents, kuma don Allah kada ka raba C: ɗin gaba ɗaya. Danna dama a kanta, Properties, Sharing, Advanced Sharing, ka sa alama a Share this folder, ka shiga Permissions. Zaka tarar da Everyone, cire shi, ka danna Add ka rubuta sakatare ka bashi Change da Read, ka ƙara malamai ka basu Read kaɗai. Full Control ba na kowa bane.

Kada ka rufe tukuna, nan ne wajen da kusan kowa ke faɗuwa, ni ma na faɗi a karon farko na yi awa biyu ina zargin kebul. Makulli biyu ne a ƙofar. Na biyun yana shafin Security a cikin Properties ɗin dai. Danna Edit, Add, ka sake saka sakatare ka bashi Modify, malamai kuma Read & execute. Windows tana duba biyun ne ta ɗauki wanda ya fi tsauri, wato in ka ba mutum damar gyara a Sharing amma a Security karatu kawai yake da shi, zai buɗe takarda lafiya, ya yi rubutunsa na minti arba'in, ya zo ajiyewa ta ce bashi da izini.

A cikin Takardu ka yi ƙananan folda tun yanzu kafin mutane su fara zubawa, misali Wasiƙu, Jarabawa, Rahoto, Tsofaffi. Kada ka yi folda cikin folda cikin folda da dogayen sunaye, in tsawon hanyar fayil ya kusa harafi 260 Windows da Word sai su fara gardama. Wadda ta ƙunshi sirri kamar albashi ko tambayoyin jarabawar da ba a yi ba, yi mata folda daban a waje ka raba ta ga asusu ɗaya tak.

6. Jawo foldar zuwa sauran kwamfutoci

Je kwamfuta ta biyu, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta \\OFIS1\Takardu ka danna Enter. Sandunan nan biyu masu jingina baya ne, ba irin na adireshin intanet ba. Zata nemi suna da kalmar sirri, ka sa na asusun da ya dace da mai kujerar, ka sa alama a Remember my credentials. In ta ƙi karɓa rubuta sunan haka: OFIS1\sakatare.

Da ta buɗe sai ka mayar da ita dindindin don kada Hajiya sakatariya ta riƙa buga sanduna kullum. Buɗe This PC, ka nemo Map network drive, a Windows 11 yana ƙarƙashin ɗigo ukun nan na sama, zaɓi harafi, ka rubuta hanyar, ka bar alama a Reconnect at sign-in. Harafi ɗaya za a yi amfani dashi a duk ofis, in Z ne Z a ko'ina, yadda in an ce duba cikin Z kowa ya gane.

In sunan ya ƙi aiki, koma uwar garke ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig ka duba IPv4 Address, zaka ga wani abu kamar 192.168.1.20, ka gwada da shi a madadin sunan. In ka ga lambar ta fara da 169.254 to rautar bata raba lamba ba, duba kebul ɗin da ke tsakaninta da suwic. Amma lambar nan gwaji ce kawai, rauta na iya canja ta gobe sai Z ya fito da jan kuros, kuma takardun da aka buɗe ta lamba Word takan ɗauke su kamar daga intanet suka zo ta riƙa buɗe su a Protected View sai an danna Enable Editing. Gyara sunan ya fi. In wata rana aka canja kalmar sirri a uwar garke, tsohuwar tana maƙale a Credential Manager cikin Control Panel na kowace kwamfuta, can zaka je ka goge ta.

Gwaji kafin ka tashi: daga kujerar sakatare yi sabuwar takarda a Z ka ajiye, je kujerar malamai ka buɗe ta ka gwada ajiye gyara. In ta ƙi, aiki ya yi kyau.

7. Saita Word ɗin kanta

Mutane suna gama mataki na 6 su ce shikenan, alhali minti biyar ɗin nan shine ke hana faɗa a ofis. A kowace kwamfuta buɗe Word, File, Options, General, ka duba User name. Yawancin kwamfutocin da muke saya na hannu zaka tarar an rubuta User ko Admin ko sunan wani bature da ya yi amfani da ita a can. Sa sunan mai kujerar. Dalili, in takarda tana hannun wani Word tana faɗa maka sunan wanda ya riƙe ta, to in duk ofis sunansu User ne sai ka tashi kana bin tebur tebur kana tambaya.

Sai shafin Save, AutoRecover, wato ajiyar ceto da Word ke yi da kanta, yana kan minti 10, mayar dashi 3 ko 5. A shafin Advanced ka gangara zuwa Save ka sa alama a Always create backup copy, da kuma Copy remotely stored files onto your computer, and update the remote file when saving. Na farkon yana barin kwafin da ya gabata a gefe mai ƙarewa da .wbk, na biyun yana taimako in netwok ya yanke ana tsakiyar aiki.

Sai maganar salon rubutu, wannan tamu ce ta Zongo musamman. Malamin Arabiyya ya buga tambayoyinsa da Traditional Arabic ko Sakkal Majalla, ya tsara shafi biyu cif, sakatariya ta buɗe a tata kwamfutar wadda bata da su, Word ta sauya da wani salon, shafi biyu ya koma uku wasulla sun hau kan juna, an buga kwafi ɗari kafin a lura. A Windows 10 da 11 waɗannan salon ba kullum suke zuwa ba, suna cikin Optional features da sunan Arabic Script Supplemental Fonts, a saka su a duka kwamfutocin. Haka ƙ da ɗ da ɓ namu na Hausa, ba kowane salo ke da su ba. Ku tsaya kan salo ɗaya a ofis, ko mai takardar ya sa alama a Embed fonts in the file a shafin Save. Girman takarda kuma A4, don wasu Word ɗin suna zuwa a kan Letter na Amurka. Kuma kowa ya riƙa ajiyewa a .docx, a bar tsohon .doc.

8. Idan mutum biyu suka yi karo a takarda ɗaya

Ka danna takarda sai akwati ya fito mai suna File In Use, yana cewa wane ya kulle ta don gyara, da zaɓi uku. Open a Read Only copy na wanda zai duba ne ko ya buga kawai. Receive notification when the original copy is available shine na mai son gyara, zaka ga takardar, da ɗayan ya rufe Word zata sanar da kai ta baka dama. Na tsakiyar, Create a local copy and merge your changes later, yana aiki amma ni bana koya wa sababbi shi, haɗawar tana rikita wanda bai saba ba.

Babban kuskuren shine mutum ya buɗe ta karatu kawai, ya manta, ya yi gyara, Word ta ƙi ajiyewa, sai ya yi Save As ya sa mata suna Jarabawa sabo. Gobe wani ya yi Jarabawa sabo 2, jibi Jarabawa na ƙarshe, gata Jarabawa na ƙarshe gaskiya. Kun koma gidan jiya kenan da kebul ɗinku da komai. A makarantar da na faɗa haka ta faru a satin farko, aka buga tsohon kwafi aka raba wa yara, tambaya ta 4 da aka riga aka cire tana ciki, hedimasta ya kira ni yana huci wai netwok ɗina ya lalace, na zo na tarar da kwafi shida a folda ɗaya. Don haka dokar ofis: takarda ɗaya suna ɗaya, wanda ya gama ya RUFE ta kafin ya tafi sallah ko sayen waakye, ba ya naɗe ta a ƙasan fuska ba. In dole a ajiye tsohon zubi a kai shi foldar Tsofaffi da kwanan wata a gaban sunan, shekara a farko, kamar 2025-03-14, yadda zasu jeru da kansu.

In kwafi biyu sun riga sun rabu kowanne da gyaransa, kada ka zauna kana duba layi layi. Review, Compare, Combine, ka ba Word su biyun ta fito maka da bambancin. Kuma takardar da zata bi ta hannun mutane da yawa a kunna mata Track Changes, Ctrl da Shift da E, kowa gyaransa ya fito da sunansa, mai magana ta ƙarshe ya bi da Accept ko Reject. Hattara, zaɓin No Markup ɓoye gyaran yake yi baya share shi, in ka tura wasiƙar haka wanda ya karɓa zai ga duk abin da kuka goge har da abin da bai kamata ya gani ba. Karɓi duka gyaran tukuna, ko ka tura ta a PDF.

Wani lokacin kuma Word zata ce wane ya kulle takarda alhali wanen yana gida tun azahar. Abin da ya faru shine duk sanda aka buɗe takarda Word tana yin wani ɗan ɓoyayyen fayil a gefenta mai farawa da ~$, misali Jarabawa.docx nata zai zama ~$rabawa.docx, a ciki take rubuta sunan mai riƙe da ita, in an rufe lafiya ta goge shi. In wuta ta ɗauke ko Word ta daskare sai ya zauna. Maganinsa, tabbatar da farko babu wanda ya buɗe ta da gaske, duba har Task Manager na kwamfutar mutumin ko Word tana maƙale a baya. Sannan a File Explorer kunna Hidden items a ƙarƙashin View, in bai fito ba cire alamar Hide protected operating system files, ka goge mai ~$ ɗin kaɗai. Kalli sunan sau biyu kafin ka danna. In har yanzu ta ƙi, je uwar garke, Computer Management, Shared Folders, Open Files, ka rufe ta daga can, amma ka sani in akwai mai aiki a kanta abin da bai ajiye ba zai iya tafiya. Preview pane na File Explorer ma yakan riƙe takarda, Alt da P yana kashe shi. Masu LibreOffice nasu fayil ɗin yana farawa ne da .~lock.

9. Masu son rubutu tare a lokaci guda

Wannan sai takardar ta bar ofis ta hau ma'ajiyar intanet ta Microsoft, wato OneDrive ko SharePoint, ko ku koma Google Docs. Asusun Microsoft na kyauta yana zuwa da 5 GB, na Google 15 GB, kuma takardun Word zalla zasu daɗe basu cika ko ɗaya ba. Ɗora takardar a OneDrive, buɗe ta, danna Share, rubuta imel ɗin mutanen ka basu Can edit. Dole ta zama .docx, kuma wadda aka kulle da Encrypt with Password bata shiga wannan tsarin. Wanda Word ɗinsa tsohuwa ce ya buɗe ta a burauza, Word ta intanet kyauta ce, zaku riƙa ganin alamar juna tana tafiya a shafi. Akwai Version history kuma, in wani ya yi ɓarna a dawo da na jiya.

Ya fi dacewa da ƙungiyar da sakatarenta ke Kumasi ma'aji yana Nima shugaba yana Jamus. Amma ga ofis mai ɗaki biyu ni ban cika so ba, ranar da data ta ƙare ko netwok ya yi rauni aiki ya tsaya, ga shi mutane suna son zaɓar Anyone with the link don sauƙi, mahaɗin ya faɗa gurup na WhatsApp shikenan kowa ya zama edita. Abin da nake yi wa mutane shine aikin yau da kullum a Z, wadda ake buƙatar na nesa ya sa hannu ita kaɗai ta hau OneDrive, kuma a cire ta daga Z har a gama don kada ta zama biyu.

10. Ajiyar ko-ta-kwana

Ka karanta wannan da kyau ka kuma faɗa wa kowa a ofis da bakinka: abin da aka goge daga Z ta wata kwamfuta BAYA zuwa Recycle Bin, ba na mai gogewar ba, ba na uwar garke ba. Ya tafi kenan. Wata Hajiya mai shagon buga takardu a Asawase yaronta ya ga folda yana zaton kwafi ce ya share, aikin kwastomomi na wata biyu, ranar ko kokon da ta saya bata sha ba.

Ga shi kuma yanzu duk ƙwanku yana cikin kwamfuta ɗaya, in hadis ɗinta, wato hard disk, ya mutu ya mutu da na kowa. Sayi hadis na waje ka jona wa uwar garke, shiga Control Panel, File History, ka kunna. Lura, File History yana kwashe manyan foldojin mai asusu ne da abin da ke cikin Libraries, tunda Takardu tana C: sai ka danna dama a kanta ka zaɓi Include in library, a Windows 11 yana ƙarƙashin Show more options, in ba haka ba zai yi ta aiki wata da watanni bai taɓa ɗaukar ta ba. Da kansa yake kwafa duk awa ɗaya, kuma in takarda ta ɓace ko aka ɓata ta sai ka shiga Restore personal files ka koma ranar da take lafiya.

Bayan wannan duk Juma'a kafin a tafi masallaci mutum ɗaya, a san waye, ya kwafe Takardu gaba ɗaya a wani filash ko hadis na biyu ya tafi dashi gida, don wanda ke jone kullum in ɓarawo ya shigo ko wuta ta dawo da ƙarfi tare zasu tafi. Filash ɗin na wannan aikin ne kaɗai, ba a kai shi shagon fotokofi a kwaso ƙwayar nan mai mayar da folda shotkot. Kuma sau ɗaya a wata a jona shi a wata kwamfutar daban, a buɗe takarda biyu ko uku daga ciki, a duba kwanan watan da ke jikinsu na satin nan ne.